Silimar talaka fasadi, ta mai kuɗi wayewa?

Kwanan nan wani tsohon hoto ya sake zagaya Facebook, na ƙofar ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen silima na Kano, ga fastar fim a jikin bango, ga kekuna an jingine. Kusa da shi an liƙa hoton wurin a yau, jerin shaguna hawa biyu da hayaniyar 'yan kasuwa. Sharhin da ya biyo baya ne ya hana ni yin shiru. Mutane sun yi ta hamdala, wai an tsarkake wuri, wai an rushe matattarar 'yan iska, wai addu'ar malamai ce ta ci silima. Da yawansu, in ka duba shekarunsu, ba su taɓa taka ƙofar irin wannan gida ba. Kuma kowannensu ya rubuta hamdalarsa ne da wayar da ke ɗauke da abin da mai silima na wancan zamani bai isa ya haska a bango ba, ko da an ba shi duniya da abin da ke cikinta.

Mu da muka yi ƙuruciya daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin 1980 mun san gidajen nan ciki da bai. Sunayen kaɗai sun isa su motsa duk wanda ya tashi a Kano: Palace, Plaza, Orion, El Dorado, Wapa, daga baya kuma Marhaba da Farida. Mutanen Jos suna da Rex da Kwararafa. Galibinsu fili ne aka kewaye da doguwar katanga, ba rufi sai ɗan na baya inda masu kuɗin kujera ke zama. Mu masu 'yan kwabbai muna gaba a kan benci, kusa da allo, wuya a ɗage har a tashi. Ba a fara fim sai duhu ya yi, don haka yaro yakan yi sallar isha'i a gaban idon manya, ya shiga ɗaki kamar mai barci, sannan ya sulale. Kuɗin tikiti kuwa tun da rana ake haɗa shi, daga canjin aike, daga kuɗin tara na makaranta, wani lokaci yara su yi karo-karo su tura mutum ɗaya, da sharaɗin gobe zai ba da labari tun daga farko har ƙarshe.

Wannan mai ba da labarin shi ne gwanin unguwa. Washegari za ka gan shi a dakali, yara sun kewaye shi, yana yi musu faɗan akta da bos, yana kwaikwayon ƙarar naushi da bakinsa, yana rera waƙar Indiya da wani yare wanda ko a Bombay ba mai gane shi. Babu wanda ya ji kalma ɗaya ta abin da ake faɗa a fim ɗin, amma kowa ya san wane ne azzalumin attajiri, wace ce uwar da aka raba da ɗanta, kuma kowa ya san akta ba ya mutuwa. Mafi yawan dararen mako na Indiya ne, sai a ware wasu wa 'yan Cana masu karate da kuma kaboyi. In fim ya tsinke ana tsakiyar faɗa, allo ya yi fari fat, sai gidan ya kaure da fito da ihu ana yi wa mai inji ruwan baƙar magana har ya haɗa. In hadari ya taso kuwa, wasu su ruga ƙarƙashin rufi, wasu su lulluɓa da riga su zauna daram, domin ba su biya kuɗinsu don su ga rabin fim ba. A bakin ƙofa ga mai rake, ga mai gyaɗa, ga mai tsire da fitilarsa. Wanda bai samu kuɗi ba ya laɓe a jikin katanga yana sauraron sauti, yana jiran a buɗe ƙofa dab da tashi ya ga yadda za a kashe bos.

Ba na wanke silima tas. Akwai hayaƙin da ba na taba ba, akwai 'yan sane, akwai mata masu zaman kansu a kujerun baya, kuma ɗan mutunci ba ya so a gan shi a layin tikiti. Yaron da aka kama ya je, dorina ce ke jiransa a gida, wata kuma a makarantar allo. To amma a lura da abin da wannan ke nufi: ana kama shi. Sai ya fita daga gida, ya bi titi, ya tsaya a layi a gaban jama'a, inda direban maƙwabcinsu ko yayan abokinsa zai hango shi ya kai rahoto. Abin da zai kalla kuma ɗaruruwan mutane ne ke kallonsa tare da shi, a allo ɗaya, a lokaci ɗaya, kuma ƙarfe goma sha ɗaya ko sha biyu an tashi.

Ƙyamar silima a Kano ta girmi duk masu sharhin nan. Tun da aka buɗe silimar Rex ta Kano a 1937, Kwarori ne masu harkar, a wajen ganuwa, kusa da Sabon Gari inda ake sayar da giya, don haka tun farko silima ta shigo da baƙin fenti. Majigi da En'e ke kawowa ƙofar fada, ana nuna noman gyaɗa da auduga da tsaftar gida, bai sha irin wannan tsangwama ba, alhali shi ma hoto ne mai motsi a jikin allo. Sai kuma ga masifar silimar El Duniya a watan Mayun 1951, gobarar da ta ci mutum 331 daga cikin 'yan kallo kusan 600. Binciken gwamnati ya gano wutar ta tashi ne daga ɗakin inji, domin faifan fim na lokacin abu ne mai saurin kamawa da wuta. A cikin gari kuwa hukunci ya riga ya fita, cewa fushin Allah ne. Da aka zo buɗe Palace a Jakara, cikin birni kusa da Kurmi, a farkon shekarun 1950, sai da 'yan sanda suka shiga tsakani. Duk da wannan, silima ta yi shekara arba'in bayan haka tana cika maƙil. Wa'azin da bai kashe ta a 1951 ba, lokacin da gawarwaki ke kwance, ba shi ne ya kashe ta a 1990 da 'yan kai ba.

Kuɗi ne suka kashe ta. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sauya hannun masu gidajen da masu shigo da finafinai. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 ya karya naira, sayo fim daga waje ya zama jidali, kayan gyaran inji suka yi tsada, masu gidajen suka koma juya tsofaffin finafinan da suka ƙoƙe. A daidai lokacin bidiyo ya shiga falo, kaset ya yi araha, gidajen talabijin na nuna Indiya kyauta. Ga fashi da dabanci sun sa fitar dare ta zama kasada. Sannan fili a Fagge ko bakin kasuwa ya kai farashin da ba magajin da zai bar shi ana tara kwabbai da daddare, alhali zai iya yanka shi shago hamsin. Masu hamdala suna karɓar ladan aikin da dillalan filaye suka yi.

Wasu kuma za su ce ai zamani ne, ko a Amurka silima na fama da Netflix. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa tambayar kansa me ya sa Legas ke ta buɗe sababbi ba.

Abin tambaya shi ne, da aka rufe gidajen, ina kallon ya koma? An gudu ne ba a tsira ba. Ya koma gidajen kallo na langa-langa a cikin lunguna, inda bayan an tashi daga ƙwallo ba wanda ya san abin da ake sakawa. Ya koma wurin masu tura finafinai a waya, waɗanda za su cika wa yaro ɗan shekara goma sha biyu memori da duk abin da ya nuna da yatsa a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Daga ƙarshe ya koma ƙarƙashin bargo, ƙarfe biyun dare, a hannun yarinyar da iyayenta ke alfahari ba ta taɓa zuwa silima ba. Ba layin tikiti, ba maƙwabci mai kai rahoto, ba lokacin tashi. Silima ita ce wuri ɗaya tak da hukuma za ta iya tsayawa a ƙofa ta ce wannan za a nuna, wancan ba za a nuna ba, yaro mai shekara kaza ba zai shiga ba. Mun rushe ƙofar da kanmu, yanzu Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001 tana bin masu YouTube da TikTok da gudu, kuma kowa na ganin wanda ke gaba a tseren.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne munafuncin da ke cikin lamarin. Silima ba ta mutu a Kano ba, ƙaura ta yi. Bayan buɗe katafaren kantin Ado Bayero a 2014 an samu silima ta zamani a ciki, mai sanyin na'ura da kujerun laushi da gugguru a kwali. Tikitinta dubban nairori ne, masu zuwa kuma da mota suke zuwa. Ban ji an yi mata rabin hayaniyar da aka yi wa gidajen benci ba, kuma ba na neman a yi mata. Ina dai tambaya ne: in ɗan kwamishina ya kai amaryarsa kallo sunansa shaƙatawa, me ya sa in ɗan mai gyaran keke ya shiga kallo sunansa iskanci? Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a kan silima, 'ya'yansu na shiga ta a Abuja da Dubai da Alƙahira lokacin hutu. Ita kanta Saudiyya, wadda ake kafa mana hujja da ita a kan komai, ta sake buɗe gidajen silima a 2018 bayan fiye da shekara talatin a rufe. Ashe dai tun asali ba allon ake ƙi ba, mutanen da ke zaune a gabansa ake raina.

Kannywood ce ta fi kowa ɗanɗana kuɗar wannan. Masana'antar da ta fara a 1990 ta taɓa samun lokacin da ake fara haska sabon fim a silima, musamman da bikin salla, furodusa ya mayar da wani abu daga jarinsa kafin kaset ya shiga kasuwa. Da gidajen suka ƙare, masu satar fasaha suka kashe kasuwar faifai, sai kowa ya koma YouTube, inda abincinka ya dogara da yawan masu danna fim ɗinka. Wanda ke neman a danna kuwa dole ya nemi abin da zai ja ido, ko faɗan kishiyoyi ne ko rawar da za a yi ta cece-kuce a kanta. Sai mu dawo muna zagin 'yan fim sun lalace, bayan mu muka toshe musu hanyar da za su sayar da aiki mai nauyi ga mai biyan tikiti. A 2016 gwamnatin tarayya ta zo da shirin alƙaryar finafinai a Kofa, a ƙaramar hukumar Bebeji, na kimanin naira biliyan 3. Aka taso mata a mumbari da rediyo har ta janye. An yi murna a lokacin ma. Shekarun da suka biyo baya, wa zai dafa Alƙur'ani ya ce abin da yaranmu ke kallo ya fi na da tsafta?

Sannan a dubi garin kansa. Filin wasa an yanka, kududdufi an cike, gefen makaranta an jera shaguna, har jikin ganuwa bai tsira ba. Birni mai miliyoyin mutane, mafi yawansu matasa, amma in saurayi mai ɗari biyar a aljihu ya fito bayan isha'i, ina zai je? Sai teburin mai shayi, sai majalisa, sai lungu. A lungun ne ake haɗuwa da masu sayar da ƙwaya da maganin tari, kuma ba a sayen tikiti kafin a shiga. Duk wanda ke kukan shaye-shaye da ƙwacen waya, amma yake tafi don an mai da wurin taruwar matasa shagon atamfa, bai haɗa lissafinsa daidai ba.

Ba ina cewa a dawo da benci da hayaƙi ba. Dokar da ake da ita tun 2001 ta riga ta yi magana a kan cakuɗuwar maza da mata a gidajen kallo, sai a yi aiki da ita: ɓangaren iyali daban, nunin yara da rana a ƙarshen mako, tashi da wuri, tikitin da ɗan acaɓa ko ɗan adaidaita zai iya saya wa kansa da matarsa. Ƙananan hukumomi suna da ɗakunan taro da ke kulle shekara da shekaru, ɓeraye na sha'aninsu a ciki. A ba 'yan kasuwa haya, hukumar tacewa ta zauna a ƙofa ta yi aikin da aka kafa ta dominsa. In kuma da sauran ginin tsohuwar silima ko ɗaya da bai faɗa hannun dillalai ba, gwamnati ta saye shi kafin ta ji labarinsa a Facebook. Malaman da ke da ja a kan wannan su zo a zauna, amma kowa ya taho da wayar ɗansa, a buɗe ta a kan tebur kafin a fara magana.