Jan ɓawon gyaɗa ba ya cinye amfaninta

Maganar da ke yawo cewa siririn jan ɓawon da ke jikin ƙwayar gyaɗa yana kashe furotin ɗinta ta dame ni, domin har an fara hana yara cin gyaɗa sai an murje ta fes.

Masu wannan magana suna da madogara. Ɓawon na ɗauke da sinadaran tsiro da ake kira polifenol, musamman tanin, kuma tanin yana manne wa furotin. Baurin da kake ji idan ka tauna goro, tanin ne ya kama furotin ɗin da ke cikin yawunka. A ɗakin gwaji an ga yana iya rage kaifin pepsin da tiripsin, sinadaran da ke farfasa furotin a ciki da hanji.

Amma rage gudu daban, kashewa daban. Ɓawon bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyin ƙwaya ba, furotin kuwa ya kai kusan kashi 25. Tanin ɗin bai isa ya ɗaure wannan duka ba, kuma ruwan ɗaci da hanta ke zubawa a hanji yana sassauta ɗaurin. Jiki na samun mafi yawan furotin ɗin.

Polifenol ɗin ma ba asara ba ne. Akasarinsa na wucewa babban hanji, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a can su farfasa shi, jiki ya tsotsi wani ɓangare.

Abin da ya fi cancantar tsoro a gyaɗa shi ne fumfuna, mai haifar da gubar aflatoksin da ke lalata hanta. Ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta canja launi, a zubar da ita.