Masu cewa a soke lefe, ku fara leƙa ɗakin amarya

Da zarar watan Sha'aban ya kama, aka shiga rububin ɗaura aure kafin azumi, sai tsohuwar maganar nan ta sake tasowa: a soke lefe. Bana ma ta taso da ƙarfinta. Samari sun cika Facebook da ita, a majalisun bakin titi daga Tudun Wada har Kawo ita ake yi, wasu masu wa'azi ma sun karɓe ta, suna cewa lefe ne ya hana 'yan mata auruwa, ya bar samari cikin tuzuranci. Abin da ya ɓata mini rai shi ne, duk cikin kuɗin da ake ƙonawa a bikin Kaduna, ba a ga abin da za a yanke ba sai abu guda da yake shiga hannun amarya ya zauna.

Tsada kam gaskiya ce, babu mai musu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, dala kuma ta wuce naira 1,500 a cikin 2024 ɗin. Atamfa da leshi da akwati duk dalar suke bi. Ƙaramin ma'aikacin jihar Kaduna da aka yanke wa mafi ƙarancin albashi na naira 72,000 a 2024 in ya shiga Kasuwar Shaikh Abubakar Gumi ya tambayi kuɗin turmin atamfa mai kyau, dole gabansa ya faɗi. Na yarda da wannan. Inda na rabu da su shi ne wurin da suka ɗora wuƙar.

Mene ne a cikin lefen? Atamfofi ne, da leshi, da shadda, da mayafai, da takalma da jakunkuna, da kayan shafa, sai sarƙa da ɗan kunne ga mai hali. Sutura ce. Suturar mace kuwa a wuyan mijinta take, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci ciyarwa da tufatarwa gwargwadon abin da aka saba. Wanda ya yi lefe mai kyau ya biya wajibinsa ne tun da wuri, kuma kowace matar aure ta san sauran zancen: akwai mazan da sai shekara biyu ko uku ta wuce ba su sake sayen ko ɗankwali ba, in an yi magana su ce ai akwai kaya a akwati. Daga cikin akwatin nan take ɗinka na sallah, da na fitar suna, har ta cire turmi ta ba uwar miji. In rana ta ɓaci, yaro ya kwanta asibiti cikin dare, ɗan kunnen gwal ɗin nan shi ake fara kai wa kasuwa. Wannan ne abin da ake kira asara?

Yanzu a juyo ɗaya ɓangaren, wanda masu wannan kira ba sa taɓa ɗaga murya a kansa. Ango ya kama haya, ya yi fenti, ya miƙa makulli. Ɗakuna wayam. Ranar jere motoci za su tsaya a ƙofar gidan, a fara sauke gado da katifa da sif da madubi, da kujeru saiti guda ko biyu, da labule da kafet, da firji da talabijin, da tukunyar gas da tukwane da kuloli da faranti, har tsintsiya da abin kwashe shara. Duk daga gidan uban yarinya. Bayan kwana biyu kuma a biyo da gara: buhun shinkafa, katan na taliya, jarkar mai da ta manja, ga dubulan da alkaki da nakiya, wanda ango da abokansa za su fi kowa ci.

Wa ya biya? Uwar da ta shiga adashi tun yarinyar tana firamare, tana sayen kwano ɗaya ɗaya tana turawa ƙarƙashin gado. Uban da ya sayar da filinsa na Rigasa, ko ya cinye kuɗin sallamarsa na aiki tun kafin su shigo hannu. Ku je Panteka ku zauna a rumfar kafinta na awa guda. Za ku ga dattijo da carbi a hannu yana shafa jikin gado yana cewa, "Malam, a duba mini, 'ya'ya mata biyu zan fitar bana." Kafinta ya ce katako ya tashi, soso ya tashi. Dattijon ya ba da rabi, ya ce sauran sai ƙarshen wata, alhali shi kansa bai san inda sauran zai fito ba. Ya tafi ne da fargabar abu ɗaya, kada dangin miji su shiga ganin ɗaki su fito suna taɓe baki, a yi ta goranta wa 'yarsa har ta tsufa a gidan.

Shari'a ba ta ɗora wa wannan dattijo ko kujera ɗaya ba. Aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ga maza ta yi magana, ta ce su zaunar da matan inda suke zaune gwargwadon samunsu. Amma ban taɓa jin saurayi ya rubuta a Facebook cewa a soke kayan ɗaki, shi zai saya ba. Ya san mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, zinari da ya ɗan haura giram ɗaya, ya haddace hadisin ba da sadaki ko da zoben ƙarfe ne, duk inda sauƙi ya karkato wajensa ya san shi. Ya shiga gida ya tarar da kayan miliyoyi, ya zauna a kujerar da surukinsa ya ci bashi ya saya, sannan ya buɗe baki ya ce akwatuna shida sun yi masa yawa. Wannan son kai ne, kuma saka masa rigar addini bai wanke shi ba.

Masu cewa lefe bidi'a ce ba su da abin faɗa, don babu wanda ya ce ibada ce, al'ada ce kamar yadda kayan ɗakin da suke kwana a kai al'ada ne. Masu cewa gwamnati ta karɓi lamarin da auren gata kuwa, Kano ta ɗaura aure 1,800 a watan Oktoban 2023, hakan bai rage wa uba ko ɗaya a Unguwar Sanusi nauyin gado da katifa ba.

In da gaske kuɗi ake son ragewa, ga inda suke tafiya. Kamu da a da ake yinsa a tsakar gida da turare da 'yan tsofaffi, yau sai an kama zaure na haya a Unguwar Rimi ko Malali. Sa lalle ya zama taro mai kati. An ƙaro liyafar ƙawaye, an ƙaro daren iyaye mata, sannan uwa uba dina. Kowanne da kuɗin zaure, da mai ado, da mai kiɗa, da mai gabatarwa, da mai hoto da bidiyo, da mai kwalliyar da za ta wanke kafin asuba. Kowanne da ankonsa, ƙawar amarya mai karatu a jami'a ta ɗinka kaya kala uku a mako guda, ko ta rasa ƙawa. Tun kafin a sa rana ma an riga an biya kuɗin hotunan kafin aure. Ga liƙi, ana watsa sababbin kuɗi ana takawa, duk da sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 a kansa. Da gari ya waye, me ya rage? Bidiyo a waya da takardar bashi.

Kuma su waye suka fi nacewa a kan dinar? Sau da yawa abokan angon ne, waɗannan dai masu cewa a soke lefe, sun yi kwamiti, sun buɗe zaure a WhatsApp, an yanka wa kowa abin da zai kawo. "Ai sau ɗaya ake yi," in ji su. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Wannan hadisin ba a cika jinsa a bakinsu ba.

Abin takaici, a cikin wannan hidimar ta wata da watanni, gwajin jini shi ake bari sai ana saura mako guda, bayan an raba kati an biya zaure. In sakamako ya fito AS da AS, inda kowane ciki ke da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila, sai a ce an yi nisa, ba a fasawa. Gwajin da bai kai kuɗin takalmin amarya ba.

Ban ce lefe ba shi da aibi ba. Gasar da mata suka mayar da shi, ana ƙirga akwati ana ɗora makullin mota a sama ana yaɗawa a Instagram, ta cancanci tsawatarwa, kuma iyaye mata su ne za su iya kashe ta. Kowa ya yi daidai ƙarfinsa, a karɓa a sa albarka, a daina buɗe akwati a gaban unguwa.

Amma duk limamin da zai hau mumbari a Kaduna ya yi maganar sauƙaƙa aure, ya fara da dina da anko, ya bi da gara, sannan ya faɗa wa samari ƙarara cewa gado da kujera nasu ne su saya. Waliyyai kuma su tambayi takardar gwaji tun ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa. Saurayin da ya ce ba zai yi lefe ba, a amsa masa da to, a kawo masa amaryarsa da 'yar jakar kayanta, ya nuna mata inda za ta kwanta da tukunyar da za ta dafa masa abinci.