Hafsoshin da Suka Bar Bariki a 1966: Ina Suka Ƙare?

Duk lokacin da aka tayar da zancen yaƙin basasar Najeriya, mukan yi wa hafsoshin da suka bar rundunoninsu kuɗin goro, mu kira su 'yan tawaye, alhali ba ƙofa ɗaya suka bi suka fita daga bariki ba. Bayan juyin mulkin Yulin 1966, hukuma da kanta ta amince sojoji su koma yankunansu na asali, saboda haka da yawa daga 'yan Gabas sun kama hanyar gida ne bisa umarni ko don tsira da rai, tun kafin yankin Gabas ya ɓalle a ayyana shi ƙasar Biyafara.

Makomar manya ba ɓoyayya ba ce. Ojukwu, jagoran Biyafara, wanda ya taɓa riƙe bataliya ta 5 a Kano, ya tsere Kwaddibuwa a Janairun 1970, sai a 1982 Shagari ya yi masa afuwa. Nzeogwu, wanda ya jagoranci kisan Sardauna a juyin mulkin Janairun 1966, ya mutu kusa da Nsukka a 1967, aka binne shi a Kaduna da karramawar soja, abin da har yau yake sosa ran mutanenmu, kuma ban ga laifinsu ba. Victor Banjo da Emmanuel Ifeajuna kuwa, hafsoshin da suka yi wa Biyafara yaƙi, Biyafarar ce da kanta ta harbe su a Enugu. Ebitu Ukiwe, wanda shi ma ya yi wa Biyafara yaƙi, ya dawo rundunar ruwan Najeriya, ya yi gwamnan soja a Jihar Neja, har ya zama na biyun Babangida.

Damuwata ƙananan hafsoshi ce. Kwamitin Janar Adeyinka Adebayo ya tantance su bayan yaƙi: aka mayar da wasu bakin aiki, aka kori wasu, aka tsare wasu har 1974, kuma sai a 2000 Obasanjo ya mayar da korar ta zama ritaya. Ra'ayina shi ne a ajiye cikakken jerin sunayensu da hukuncin kowannensu a gidajen adana tarihi na Kaduna, Ibadan da Enugu, inda kowa zai iya dubawa.

Akwai wani tsohon saje a unguwarmu da ya rasu yana cigiyar laftanan ɗinsa, wanda ya bar masa akwatin ƙarfe ajiya a daren da ya fita daga bariki, ya ce zai aiko a karɓa. Akwatin yana nan a hannun 'ya'yan sajen, da kwaɗonsa a rufe.