Wai mene ne "tink tank" ɗin nan da 'yan boko ke ta faɗi?

Jiya da dare a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura a Katsina, wajen mai shayi, wani ƙanena ya ce min Yaya, wai Chatham House ɗin nan fadar wane sarki ce a Ingila da sai ɗan takara ya je can ya yi gaisuwa? Aka yi ta dariya, amma wallahi rabin masu dariyar su ma ba su sani ba.

Ba fada ba ce, ba kuma ofishin gwamnati ba ne. Cibiya ce a Landan da aka kafa tun 1920, masana ke zama su yi nazari kan yadda ƙasashe ke tafiyar da al'amuransu su rubuta rahoto su ba da shawara, wanda ya ga dama ya ɗauka. Nan Buhari ya je ya yi jawabi a Fabrairun 2015 gab da zaɓe, kowa a Daura ya ji labarin, Kwankwaso ma ya je a Janairun 2023. Irin waɗannan su Turawa ke kira tink tank, wai tankin tunani, sunan ma daga bakin sojojin Amurka ya yaɗu lokacin yaƙin duniya na biyu, ɗakin sirrin da ake ƙulle ƙofa a tsara dabarun yaƙi.

Ni dai tankin nan bai kwanta min ba, tanki ai na ruwa ne ko na fetur. A rediyo sai su ce cibiyar bincike, mutum ya ɗauka wurin gwajin jini ne ko irin shuka. In da ni za a tambaya zan ce zauren masana, don Bahaushe ya san zaure, ya san wurin da manya ke zama a warware magana kafin a kai ta gaban sarki.

Kuma mu ma muna da su fa. Akwai ta Kuru kusa da Jos tun 1979, duk wanda ka ga ya maƙala mni a bayan sunansa to can ya yi kwas. Akwai NIIA a Legas ta harkokin ƙasashen waje, akwai NISER a Ibadan ta tattalin arziki. Sannan namu na gida, marigayi Dokta Bala Usman ɗan Musawa, shi da abokansa sun kafa CEDDERT, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, a Zariya, Allah Ya jiƙansa, mutumin da ba ya magana sai da takarda a hannu.

Abin da ke damuna shi ne, ga matsalar tsaro a Batsari da Jibiya da Faskari, ga hamada na matsowa ta arewacin jiha, ga yara a titi, amma muhawararmu duk a Facebook take ƙarewa, kowa masani, ba mai zuwa ƙauye ya ƙirga ya rubuta. In rahoto ya fito a kanmu sai ka ga daga Abuja ko Turai aka rubuto shi, da kuɗin wasu, kuma ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi ya sa kafin in karanta rahoto nake fara duba wa ya biya.

Attajiranmu na gina masallatai da rijiyoyin burtsatse, Allah Ya saka, amma mutum ɗaya ya ɗauki nauyin malamai biyar daga jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-ma su zauna shekara uku kan rikicin manoma da makiyaya kaɗai, su rubuta da Hausa yadda mai unguwa zai karanta ya gane. Ƙanen nawa ya ce to Yaya in sun rubuta wa zai karanta? Na ce masa sha shayinka kar ya huce.