Taurarin Abzin: biki ne ya raine su, wa zai raini na baya?

Duk wanda ya taɓa halartar biki a Agadas ya san yadda abin yake. Janareto na ruri a bayan katanga, an shimfiɗa tabarmi kan rairayi, sifika ta tsufa har muryarta na rawa, samari sun rataya jita, ƙura ta turnuƙe, mata na guɗa. A irin wannan fili makaɗan Etran de L'Aïr, wato Taurarin Abzin, suka tashi. 'Yan gida ɗaya ne daga unguwar Abalane. Sun fara a 1995 da jita guda marar lantarki, gangarsu kuwa ƙwarya ce kife cikin ruwa, ana bugunta da silifa.

Yau suna cika zaure a Turai da Amurka, mu kuma muna ta yaɗa hotunansu a Facebook muna cewa "namu ne". To, namu ne. Amma a ganina muna yabon ɗa mun manta uwa.

Uwar ita ce biki. Makaɗin da ya shekara ashirin yana kaɗa wa amare ya san ba a yi masa kara: in kiɗa ya yi sanyi mutane su watse, liƙi ya tsaya, gobe a kira wani. Shi ya sa Etran suka iya haɗa salon Abzinawa da na Hausa har da na Kwango, don Agadas mahaɗa ce, kowane baƙo sai an taɓa masa nasa. Babu makarantar da za ta koyar da wannan.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen girbi. Faifansu na farko ya fito a 2018, bayan shekara 23 suna aiki, kuma kamfanin Sahel Sounds na Amurka ne ya fitar da shi. Mdou Moctar ma, wani makaɗin jita na Nijar, sai da ya gangara Sakkwato a 2008 ya naɗi nasa na farko, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth kafin Turawa su ji labari. Ban ga laifin waɗanda suka zo suka naɗa ba, ai sun taimaka. Laifin namu ne da muke jiran sai baƙo ya tafa kafin mu yarda abu na da daraja. Ko Bombino, makaɗin jita ɗan Agadas, sai da sunansa ya shiga takarar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a 2019 wasu suka daina yi masa kallon maroƙi.

Masu kuɗin garin da hukumomin al'adu ba sai sun gina katafaren zaure ba. Ɗakin naɗar sauti mai kyau, wutar da ba ta ɗaukewa, mai gyaran jita, da gidajen rediyo masu biyan haƙƙin waƙa sun isa a fara. Maƙeran azurfa da dukawan da kasuwarsu ta faɗi tun da tawayen Abzinawa na 2007 ya kori 'yan yawon buɗe ido su ma suna cikin wannan lissafin.

Yanzu haka akwai yaro a wani lungun Agadas da ke aron jita ran Asabar, ya mayar ran Lahadi da tsirkiya ɗaya a tsinke.