Kalandar zuri'a babu mace ko ɗaya

Waɗanda ke guruf ɗin gidanmu sun ga abin da idonsu, sauran kuma na san hoton ya zagayo kanku. An fito da kalandar zuri'a. Takarda mai sheƙi, bishiya da rassanta, kakanni bakwai a jere, kuma babu mace ko ɗaya. Malam ya haifi Malam, Malam ya haifi Alhaji, Alhaji ya haifi Injiniya. Ma sha Allah, ashe mazan gidanmu da kansu suke naƙuda.

Na ce ina Inna, kakar da ta goya rabin mutanen da ke kan takardar nan? Wai ai 'yar ƙauye ce, ba a san asalinta ba. Ba a sani ba, ko ba a tambaya ba? Kun iya bin sawun wani kaka har gabas, har da shekarar da raƙuminsa ya durƙusa, amma matar da muka ci tuwon hannunta ita ce asalinta ya gagara.

Goggo tana nan da ranta, autar su Baba, kuma babu wanda ya je ya durƙusa gabanta. Ni na je. Kafin ta faɗi sunan yanka na Inna sai da ta yi shiru, ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta rage murya, don har yau kunyar sunan uwa take ji. Daga nan kuwa sai magana ta ɓalle. Uwar Inna haihuwar shekarar Kakalaba ce, yunwar nan ta 1914. Ita kuma tata uwar tana yarinya aka gudo da ita lokacin harin Ningawa, da tsagar Barebari a kumatunta. Wa ta aura, wace ce kishiyarta, wane ɗa aka ba ta riƙo, a wace rijiya suke ɗiban ruwa, duk Goggo ta zayyano tana ɓare gyaɗa. Hawa uku na mata kafin a kira la'asar. Wannan shi ne asalin da ba a sani ba.

Kada wanda ya zo min da "ai ɗa na uba ne". Na sani. Ban ce a sauya wa kowa sunan mahaifi ba. Amma addinin da kuke fakewa da shi, shi ya haramta aure tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya. Wa ke riƙe da wannan lissafin? Kalandarku? Tsofaffin matan nan ne suka san wa ya sha nonon wa. Ranar rabon gado ma su ake nema a guje. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an san mahaifiyarsa Hauwa, an san kakarsa Rukayya, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ba sai an faɗa ba. Ku da kuka fi Shehu sanin nasaba, sannunku da ƙoƙari.

Abin da ya fi ƙona min rai, sai da Baturiya ta zo kafin a zauna a saurari tsohuwar ƙauye. Mary Smith ta zauna da Baba mutuniyar Karo a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta abin da ke bakinta: danginta, aurenta huɗu, 'ya'yan riƙo, rinji (ƙauyen bayi) da bayin cikinsa, zuwan Turawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Matar da ba ta haifi ɗa ko ɗaya ba ta bar tarihin da ya fi na masu rawani da yawa. Da a gidanmu take, ko gefen kalanda ba za ta samu ba.

Mu faɗa wa juna gaskiya, tsoro ne. Ana tsoron a tona ɓangaren mata a tarar da baiwa, ko 'yar maguzawa, ko 'yar mahauta. Kowa a Arewa jikan sarki ne ko jikan malami, sai ka rasa wa ya yi noman da aka ci. To in baiwa ce fa? Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa, jiya jiya. Sarakuna nawa ne 'ya'yan ƙwarƙwara? Yarinyar da aka raba da garinsu, ta rayu, ta haifa, ta raina har aka zo kanmu, ni wallahi ban ga abin ɓoyewa a nan ba. Addu'a take bin mu bashi, kuma ba ka yi wa wanda ka goge sunansa addu'a.

Goggo ta ce duk matan nan uku daddawa suke yi, ta kalwa, har daga wasu garuruwa ake zuwa saye ranar kasuwa.