Rijiyar da Muke Sha, Wa Ke Yashe Ta?

Jiya da yamma wani ɗalibina ya kira ni, muryarsa a sanyaye. Ya ce, "Malam, na bi darasin nan layi-layi har sau uku, ya ƙi aiki. Ina ganin kodin, rubuta manhajar kwamfutar nan, ba rabona ba ne." Na ce ya turo min hoton allon. Ina dubawa na ga ko kaɗan laifin ba nasa ba ne. Darasin da ya samo a intanet an rubuta shi ne da Python na biyu, wato tsohon zubin harshen kodin na Python, wanda aka daina kula da shi tun ranar 1 ga Janairun 2020. A wancan, kana rubuta print ka bi shi da maganarka kai tsaye. A na uku kuwa, wanda ɗalibin ke amfani da shi, sai ka sa maganar cikin baka biyu, wato ( ). Iyakar matsalar ke nan. Yaro mai ƙwazo, wanda ke tsimin kuɗin data daga abin da yake samu a shagon yayansa, ya kusa ajiye karatu saboda baka biyu.

Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa nake wannan dogon rubutu.

Da yawanmu da muka koyi kodin a wannan zamani, ba a aji muka koya ba. A wuraren kyauta muka sha, irin su freeCodeCamp, wanda Quincy Larson ya kafa a 2014, da The Odin Project da Erik Trautman ya fara a 2013. Dukansu buɗaɗɗu ne: darussan da lambobin da ke tafiyar da su suna nan a GitHub, shafin da masu kodin ke ajiye ayyukansu, kowa na iya gani, ya kwafa, ya kawo gyara. Mun ji daɗin kalmar "kyauta", mun riƙe ta, sai muka manta cewa rijiyar unguwa ma kyauta ake sha, amma in shekara ta zagayo ba wanda ya shiga ya yashe ta, laka ce za ta cike ta.

Darasin kodin yana tsufa da sauri fiye da kowane irin darasi da na sani. Littafin lissafin da babanka ya karanta zai yi maka amfani yau. Darasin gina shafin intanet kuwa, shekara uku ta isa ya fara yoyo. Ku tuna watan Nuwamban 2022, lokacin da Heroku, dandalin ɗora manhaja a intanet, ya soke tsarinsa na kyauta. Darussa ba adadi sun ƙare da umarnin "yanzu ka ɗora aikinka a Heroku", kuma a dare ɗaya wannan matakin ya zama na mai katin banki. Haka React, wani kayan aikin gina shafukan intanet, ya shigo da sabon salon rubutu a 2019, tsofaffin misalai suka zama kamar tsohon kuɗi: ana gane su, amma ba a ciniki da su a kasuwa. Duk lokacin da irin wannan ya faru, sai wani mutum ya zauna, galibi bayan ya taso daga aikinsa na cin abinci, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa. Ba wanda zai tafa masa. Mai koyo da ya zo bayansa ba zai ma san an taɓa samun rami a wurin ba.

Ni kaina ina cikin masu kula da wani ƙaramin aiki irin wannan, mu kaɗan ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rubuta sabon darasi shi ne ɓangare mai daɗi, kowa na son sa. Abin da ke cin rai shi ne karanta rahoton matsala da aka rubuta "ba ya aiki" kawai, babu hoto, babu bayanin irin kwamfutar. Sai duba gyaran da wani ya turo, ka gwada shi, ka ga ya toshe wuri ɗaya ya huda uku, sannan ka nemi lafazin da za ka mayar masa da shi ba tare da ka kashe masa gwiwa ba, domin wataƙila wannan ne karonsa na farko. Wannan na ƙarshen ya fi kowane wuya, kuma a ganina shi ne ainihin koyarwar.

Kada wani ya ɗauka gajiyar masu kula ƙaramin abu ce. A watan Maris na 2024 aka gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa cikin xz, wata manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace na'ura mai amfani da Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta. Ta ina ɓarnar ta shigo? Mutum ɗaya ne ɗan sa kai ya daɗe yana ɗauke da aikin, ya gaji, ana ta matsa masa lamba, sai wani ya lallaɓo da sunan taimako, ya yi kusan shekara biyu yana neman yarda kafin ya yi ta'asarsa. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura, saboda ya ga shiga na'urarsa ya ƙara jinkirin kamar rabin daƙiƙa. Wannan ba aikin koyarwa ba ne, na sani, amma ciwon iri ɗaya ne: jinka mai nauyi, hannu ɗaya.

Sai dai ba kowane taimako ne taimako ba. A Oktoban 2020, lokacin Hacktoberfest, gangamin shekara-shekara na tura gyara ga buɗaɗɗun ayyuka, kamfanin DigitalOcean yana ba da riga ga duk wanda ya tura gyara huɗu. Sai mutane suka yi ta tura shirme, wani ya ƙara kalma ɗaya marar ma'ana, wani ya sa sunansa a shafin bayani, duk don riga. Masu kula suka kwana suna share tarkace, har aka sauya ƙa'ida cewa sai aikin da ya amince ne zai shiga. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ina faɗar wannan ne domin ina ganin ƙannenmu suna neman cika shafinsu na GitHub da kore, alamar yawan abin da suka tura, don a gani a takardar neman aiki. Ba laifi ba ne neman aiki, amma gyara ɗaya da ya cece ɗalibi ya fi guda hamsin na ado.

Sannan akwai maganar harshe, wadda ta fi damuna. An fassara darussan freeCodeCamp zuwa Sifaniyanci, Sinanci, Japananci, har da Swahili, kuma 'yan sa kai ne suka yi. Mu ma muna yawan cewa a yi da Hausa, kuma ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Amma duk mai shirin farawa ya san cewa fassara ba gini ba ne da za a kammala a yanka kyalle a watse. Gidan ƙasa ne, kowace shekara sai an yi masa yaɓe kafin damina. In asalin darasin ya sauya, fassarar ba ta bi shi ba, to mun dawo kan matsalar ɗalibina, wannan karon da harshenmu muka ɓatar da shi. Gara mu ɗauki darasi ashirin mu riƙe su da kyau, mu daidaita kalmominmu, mu san wa ke duba me, da mu ɗauki dubu mu bar su a rana.

Ɗalibin nawa kuwa, bayan ya sa baka biyun abin ya yi aiki, ban bar shi ya tafi haka ba. Muka nemo inda darasin yake a GitHub, na nuna masa yadda ake rubuta rahoto: ga abin da na yi, ga abin da na zata, ga abin da ya fito, ga irin Python ɗin da nake amfani da shi. Da hannunsa ya tura. Ranar Asabar bayan la'asar za mu zauna da sauran abokansa, kowa ya zo da darasi ɗaya da ya taɓa ba shi wahala, mu duba ko daga shi ne ko daga darasin. Wanda ke kusa kuma yake da kwamfuta, ya yi min magana ta akwatin saƙo, akwai wurin zama da caji.